Gwangwanin Iya Hansai

Duk wanda ya ce maka kakata Iya Hansai asiri take binnewa, ƙarya ya yi maka, ko da rawani a kansa ya faɗa. Ba ta taɓa binne wa ɗan kowa komai ba. Wasa take yi mana, mu jikokinta da yaran maƙwabta: ta ɓoye gwangwani, mu nemo. Iyakar abin ke nan. Na faɗi haka tun ina firamare, na faɗa da na shigo sakandare nan Gumel, ga shi yau ina rubutawa, kuma na san a ƙauyenmu ba wanda zai karanta ya ce ashe mun yi kuskure. Abin da ya tayar da maganar yanzu shi ne an haifa wa yayana Sale 'ya mace, ya ce sunan Iya zai sa mata, gari ya tashi a kansa wai ba a sa wa jaririya sunan mai binne-binne.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanzomo, gidanmu kuwa shi ne na ƙarshe, saboda shanu. Da an gama kaka sanyi ya sauka, Iya takan hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da busasshen kashin shanu. Ana sallame magariba, aka cinye tuwo, sai ka ga yara suna ɓullowa ta kan darni kamar kaji sun ji an watsa tsaba. Kowa da ɗan zanensa a wuya. Ba a zama mata hannu sake. Kwaryar gyaɗa take turowa tsakiya ta ce, "Kunnen da hannunsa ba ya ɓara, ba ya jin labarina." Faɗanta da Fillanci take yi, labarinta da Hausa, domin yaran maƙwabta su ji. Mu da muke zuwa makaranta tana kiranmu 'yan lakwal, irin na mutanen tsallaken iyaka inda ta tashi.

Mutane in suna tuna kakanninsu sai ka ji suna cewa tatsuniyoyi ba adadi. To ni ba zan yi ƙarya ba. Tamu guda ɗaya take da ita. Ita take maimaitawa duk sanyi, har muka haddace ta kamar karatun allo. Ba ta ma fara ta yadda kowa ke farawa. Sai ta gyara itacen wuta ta ce, "Na tsinto wata a bakin hanya." Mu kuma mu haɗa baki, "Zazzage ta mu gani!"

Wai wata shekara aka yi albarkar da ba a taɓa gani ba. Kurege ya tara gyaɗa mai yawa, ya yi nisa cikin daji, ya haƙa rami kamar rijiya, ya zuba, ya rufe, ya bi sawunsa da wutsiya yana sharewa har gida. Ko matarsa bai gaya wa ba. Bushiya kuwa, ga gajeriyar ƙafa, ba ta iya nisa. Ta tara 'yan tsince-tsincenta ta ajiye inda duk mai wucewa in ya sunkuya zai gani, ta kafa doka ɗaya: wanda ya ɗauka ya ajiye wani abu. Kurege ya yi dariya har da faɗuwa, ya ce, "Ke dai Bushiya an yi wawiya. Wannan ai sadaka ce, ba ɓoyo ba." Aka wayi gari fari ya zo. Zomo ya je ajiyar Bushiya ya ɗauki gyaɗa ya bar magarya. Hankaka ya ɗauki magarya ya bar ƙwayar dabino. Haka aka yi ta yi, ajiyar ba ta cika ba, ba ta kuma ƙare ba. Kurege ya tafi tono tasa, ya tarar iska ta kwashi yashi ta sauya wa daji kama, ga shi shi da kansa ya share sawu. Ya tona nan, ya tona can. 'Ya'yansa suka mutu da yunwa a kan tudun da gyaɗar take ƙarƙashi.

"Shi ya sa," in ji Iya, "in kun ga kurege ya miƙe da ƙafa biyu yana waige-waige, ba ku yake kallo ba. Ajiyarsa yake nema. Ɓoyon da ba mai gano shi ba ɓoyo ba ne, kabari ne." Sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Na ɗaure bakinta na rataye. Mai ƙafa ya je ya sauke."

A nan wasan yake. Komai na labarin ba ya sauyawa sai abu ɗaya: inda Bushiya ta yi ajiyarta. Yau a kogon kukar da ke kallon rijiya, wani makon a ƙarƙashin tsohon turmin da aka yar bayan masussuka, wani lokacin a reshen aduwar da jaki ke sosa baya. Duk inda Bushiya ta ajiye a labari, can Iya ta kai gwangwaninta da rana tana dawowa daga tallan nono. Da safe, kafin a kaɗa awaki, mu bazama.

Ni ban iya jira ba tun ina ƙarama. Da ta fara zancen Kurege sai in ce, "Iya, mun san wannan, tsallake ki je wurin Bushiya."

"Ji Wutar Kara," ta ce. Sunan da ta sa mini ke nan, ba ta kirana Rakiya sai in na yi laifi. "Ke da wannan garajen naki, ranar ɗaurin aurenki sai kin riga liman isa masallaci."

"To ai ke kina jan labari kamar saƙa."

"Mai saƙa ba ta kwana tsirara. Ɓara gyaɗa."

Gwangwanin madara ne irin wanda ake samu a kasuwar Maigatari, guda biyu gare ta, in ɗaya na waje ɗaya na ɗaki ana cika shi. A ciki ba wani abin kirki: maɓallan riga, duwatsun wuya da suka tsinke, farin wuri irin na adon ƙwarya, ɗan fasasshen madubi, wani lokacin aya ko alewa. Amma mu a wurinmu ko zinariya albarka. Tana da ƙa'idodinta, kuma ba ta wasa da su. Ba ta ɓoyewa a rumbun wani, ba ta zuwa kusa da maƙabarta, ba ta sawa a ramin da ba ta zura sanda ta tabbatar ba kunama ba. Ba ta sawa inda mafi ƙanƙantarmu ba zai kai hannu ba. Kuma sai wurin da ya isa a je: inda in ka tsaya za ka hango shanu suna gangarowa, ko inda magarya ta nuna ba wanda ya lura. Takan ce, "In rana ta faɗi ba ku samu ba, ni ce na faɗi, ba ku ba." Wanda ya ɗauka ya ajiye nasa, ya rufe, ya mayar yadda ya tarar. Saboda raɓa da gara sai ta naɗe gwangwanin da tsumma, ta ɗaure da jan zare, don shi ne zaren da take da shi.

Wadda ta fi mu iya nema ita ce ƙawata Uwani, 'yar Malam Ilu mai gona a bakin hanyarmu. Ni gudu nake yi, ita sauraro take yi. Ina can ina zazzage kowane kogo, ita sai ta taka a hankali ta je ta tsaya daidai wurin, ta kira ni don mu buɗe tare. Ba ta taɓa buɗewa ita kaɗai ba. A sanyin da abin ya faru, gwangwanin yana kogon tsamiyar da ke iyakar gonar babanta. Uwani ta ɗauki madubi ta ajiye ɗan ƙyallen da tela ya rage daga zanenta na salla. Yaya Sale kuwa a lokacin ya yi famfara, ba shi da abin ajiyewa, sai ya sa haƙorinsa, wai a cikin gwangwani ƙadangare ba zai gani ba balle sabon ya ƙi fitowa. Muka yi ta dariya. Wallahi dariya muka yi.

Maraicen ƙarshe, sanyi ya fara ja da baya, Uwani ba ta zo ba. An ce kanta ke ciwo, wuyanta ya sanƙare. Iya ta ba da labarin ba ta tsokani kowa ba. Da ta zo wurin Bushiya ta ce ta yi ajiya a gindin gawo tagwaye da ke bakin burtali, hanyar shanu, inda saiwa ta buɗe baki kamar murhu. Sannan ta nuna mu da tsinke ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wannan kada wanda ya taɓa sai Uwani ta tashi. Akwai abin da na sa mata a ciki. Ke Wutar Kara, da ke nake." Tsohon gwangwanin na tsamiya ba ta ɗauko ba tukuna, gwiwa ta hana ta.

Uwani ba ta tashi ba. Sanƙarau ne, duk yankin an yi shi a shekarar, kafin a sami motar kai ta asibiti ta cika. Amma uban da ya binne 'yarsa ba ya jin kalmar sanƙarau. Wani ya ce masa ya bincika gonarsa, ba mamaki an yi wa yarinyar binne. Ya bincika. Ya zura hannu a kogon tsamiya.

A ƙofar gidan dagaci aka kwance gwangwanin da ya zaro, gari duk ya taru. Ka tsaya ka kalli kayan nan da idon babba: tsumma, jan zare, farin wuri, haƙorin yaro, da ƙyallen zanen yarinyar da aka binne shekaranjiya. Uwar Uwani na ganin ƙyallen ta yanke jiki ta faɗi. Aka aika aka kira Iya. Ta zo da sandarta, ta dubi kayan a kan tabarma, ta ce, "Nawa ne. Wasan yara ne. Ku tambaye su."

Wani daga baya ya ce, "Yaran da kika shanye?"

Muka yi ta ihu wasa ne, Sale yana buɗe baki yana nuna giɓinsa, yana kuka yana cewa haƙorinsa ne. Aka ce ku ji, har haƙorin jikanta ba ta bari ba. Babanmu, ɗan da ta haifa, yana zaune kansa a ƙasa yana wasa da yashi. Bai ce ta yi ba. Bai kuma ce ba ta yi ba. Aka tara kara aka ƙone gwangwanin, ana karanto addu'o'i.

Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya kore ta. Da ma hakan aka yi, da na san wanda zan tsana. Kawai dai aka daina. Aka daina sayen nononta. Aka daina kiranta gidan haihuwa, ita da ta yanke cibiyar rabin garin. In ta biyo hanya sai uwa ta fizge ɗanta ta shige gida. Mu kuma aka ce duk wanda aka gani a bakin burtali sai an karya masa ƙafa. Sanyi ya sake zagayowa ba ta hura wuta ba. Na je na zauna a ƙofar ɗakinta na ce, "Iya, zazzage mana mu gani." Ta daɗe tana kallon tokar bara, ta ce, "Rakiya, hanyar da nake tsintowa ta mutu." Ranar na san an gama, tunda ta kira ni da sunana. Ta rasu ina aji biyu a sakandare. Matan da suka zo gaisuwa tabarma ɗaya ta ishe su.

Yanzu ɗinki nake yi a wani shago kusa da kasuwa. Ƙawata Rahila, wadda muka yi sakandare tare, babanta ma'aikacin gwamnati ne da aka turo daga Filato tun ba a haife ta ba, takan zo ta zauna tana danne-dannen waya tana hana ni aiki. Wata rana ta ce, "Rakiya, zo ki ga rashin aikin yi. Wai a wasu ƙasashe manya da gemunsu suna ɓoye 'yar roba a daji, su sa lambar wurin a waya, wasu su bi su nemo. In ka ɗauki abu ka ajiye wani." Ta faɗi sunan wasan da Turanci, ban riƙe ba, ban kuma damu ba. Na daina taka keken ɗinki, na tsaya. Na ce ta karanto.

Shawara ce aka rubuta wa masu farawa. Wai ka zaɓi wurin da mutum zai ji daɗin zuwa ko da bai sami komai ba. Kada ka tsananta har mai nema ya gaji ya tafi. Kada ka sa inda zai ji ciwo. Ka riƙa komawa kana dubawa. Rahila tana karantawa tana dariya, ni kuwa ji nake kamar Iya ce ke magana ta cikin waya. Sai ta zo sauran. Kada ka haƙa ƙasa. Kada ka sa abinci. Ka nemi izinin mai wurin kafin ka ajiye. Ka sa a robar da ake ganin cikinta, ka rubuta a jiki cewa wasa ne, don kada wanda bai sani ba ya tsinta ya tsorata.

Na ce, "Maimaita na ƙarshen."

Ta maimaita. Ta dube ni ta ce, "Ke lafiya? Ko na taka miki wani abu ne?"

Na ce, "Rabin farko kakata ta sani. Rabin ƙarshe shi ya kashe ta."

Ba zan wanke Iya tas ba don tana kakata. Ta yi wauta. Ta san kunama, ta san gara, ta san tsawon hannun ƙaramin yaro, amma ba ta taɓa tunanin hannun babba ba. Ko sau ɗaya ba ta tsaya a zauren Malam Ilu ta ce, ga abin da nake ajiye wa yara a tsamiyarka ba. A ganinta wasan yara bai kai a tashi magidanci a kansa ba. Ta manta a garin da take. A wasu wuraren in aka tsinci ƙulli a kogon bishiya sai a ce na wane ne. A wurinmu sai a ce wa aka yi wa.

Bayan wannan da 'yan watanni matar Sale ta haihu. Ya kira ni muryarsa na rawa don murna, ya ce ya riga ya yi wa yarinyar huɗuba da Hansatu. Kashegari ya sake kira, muryar ta mutu. Surukinsa ya aiko cewa in wannan sunan za a raɗa, ba shi ba zuwa, kuma 'yarsa za ta yi wankan jego a gida ba ranar dawowa. Mata suna cewa mai suna tana ɗauko halin mai suna. Babanmu ya ce, "Sale, a bar kaza cikin gashinta." Abin da ya iya faɗa ke nan bayan duk shekarun nan.

Na ce, "Yaya, kada ka sauya. Gwangwani na biyu yana nan a gindin gawo, ba wanda ya taɓa shi. Ko yashi ya rufe shi, zan tono shi kafin ranar suna, in buɗe a ƙofar dagaci, kowa ya ga abin da ta sa wa Uwani. Wanda ya yi wa yarinya sammu ba ya ajiye mata kyauta."

Rahila ta ce, "Kina da lambar wurin?" Na ce lambar wurin gawo ne guda biyu, ko makaho ya san su.

Na rufe shago na hau motar Ɗanzomo, daga can na hau mashin. Ban ko shiga ganin jaririya ba, na ɗauki fartanya na ce wa Sale ya biyo ni. Muka fita bayan gari, na tsaya.

Ba burtali. Hanyar da garken shanu ke bi su wuce ba su gogi juna ba, yanzu gonakin zoɓo da riɗi ne sun haɗe baki, ko akuya sai ta karkace. Ba gawo tagwaye. Ba kukar da ke kallon rijiya, ba aduwar jaki, tsamiyar Malam Ilu ma babu. Fili fetal har iyakar gani. Duk taswirar da Iya ta zana mana da baki, an sare ta an dafa tuwo da ita. Sale ya ce masu itace ne, an daɗe, shi ma ba zai iya cewa ga shekarar ba. Muka yi ta zagaye. Na ga wani ƙonannen kututture na ce nan ne. Ya ce a'a, kamar dai can gaba. Muka je can gaba, wani kututturen ne. Na tona a nan, na tona a can, yashi yana komawa ramin kafin in ɗaga fartanya. Na yanke a hannu ban ji ba.

Sale ya tsuguna yana kallona. Can ya ce, "Rakiya, tsaya."

"Ba zan tsaya ba. In ka gaji ka koma wurin surukinka."

"Na ce ki tsaya. A ce kin samu. Me za ki kai musu?"

"Gwangwanin mana!"

"A naɗe da me?"

Na sauke fartanya.

"A naɗe da tsumma," ya ce, "da jan zare. A gindin bishiya, a ƙarƙashin ƙasa. Ki buɗe a gaban Malam Ilu ki ce masa, ga abin da ta sa da sunan 'yarka ana jibi za ta mutu. Kin ji yadda zai shiga kunnensa?"

Na ji. Wannan karon ban ce a tsallake ba. Shekara da shekaru ina riƙe da gwangwanin nan a raina a matsayin shaidar da za ta wanke ta, ashe da na same shi, shi ne zai zama shaida ta biyu a kanta. Ko ɗan kunne ne a ciki, ko alewa, ko me, ba abin da ke cikin gwangwani suke gani ba. Sun riga sun gama gani tun kafin a kwance zaren.

Muna nan sai ga wasu mata biyu ɗauke da kara a ka. Suka rage tafiya, suka dubi ramukan da na haƙa a gonar mutane, suka dube ni da fartanya da jini a hannu. Ba su gaishe mu ba. Da suka ɗan gota na ji ɗaya ta ce, "Jikar ce. Ta zo ɗaukar gado."

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Amina. Suna ne mai kyau, ba ni da faɗa da shi. Aka yanka rago, surukin ya zo da babbar riga, Baba yana ta karɓar barka. Sunan Iya ya shiga kunnen jaririyar nan bai cika mako ba aka zare shi kamar ƙaya. Na ɗauke ta na duba fuskarta, goshin Iya ne sak, na mayar wa uwarta.

Da ina yarinya na ɗauka labarin mai sauƙi ne: Kurege marowaci, Bushiya mai kirki, Iya ce Bushiya, mu ne su zomo da hankaka. Yanzu na ga akwai wanda ba ta sa a labarin ba, wanda zai zo ya sunkuya ya ga ajiyar, bai san dokar ba, ga kuma gawa a gidansa. Ban san me Bushiya za ta yi da shi ba. Iya ma ba ta sani ba. Kuma matar da ta ce ɓoyon da ba mai gano shi kabari ne, ga nata can a ƙarƙashin zoɓon wani, da kyautar yarinyar da ta mutu, ba mai sanin ko mene ne har tashin kiyama. Ni kuwa da na tsaya a filin nan ina waige-waige, na san wace dabba ce ni a labarin.

Ba na jin akwai abin da zai gyaru. Waɗanda suka yi wasan da mu sun girma, sun san gaskiya sarai, amma kowa yana da suruki. Bishiyoyin da za a ɓoye abu a jikinsu sun ƙare. Yaran yanzu in ka ce na tsinto wata a bakin hanya, sai su miƙo hannu su ce mu gani a waya.

Duk da haka jiya na shiga kasuwa na sayi roba mai murfi, fara garai-garai, wadda ko daga nesa kana ganin cikinta. Na zuba maɓallai daga shagonmu, da duwatsun wuya, da ɗan madubi sabo. Ba tsumma, ba zare, ba wuri, ba abin ci. Ba zan haƙa ƙasa ba. Akwai darbejiya ɗaya da ta rage a ƙofar makarantar firamaren ƙauyenmu, a nan zan sa ta, da rana tsaka. Amma kafin nan zan kai ta ƙofar dagaci, in kai wa liman, sannan in yi sallama a zauren Malam Ilu. Ya tsufa, an ce idonsa ya yi rauni. Zan durƙusa in ce, "Baba, ni ce Rakiya ƙawar Uwani. Ga abin da zan ɓoye wa yara, ka buɗe da hannunka ka taɓa." In ya kore ni, ya kore ni, 'yarsa ce ta mutu ba tawa ba. In jikokinsa sun zo, zan hura kara in ba su labarin Kurege daga farko, ba zan tsallake ko'ina ba.

Na san sunan da za su kira ni, sun riga sun fara. Rahila ta ce in rubuta a jikin robar cewa wasan yara ne, na rubuta, da boko da ajami. A kan murfin kuma na ɗauki jan fenti na rubuta Hansatu da manyan baƙaƙe. Sun hana a sa wa yarinya. To su zo su hana roba. Asabar zan hau mota.